Na Ƙi a Cire Min Haƙori a Ingila

Garin da aka kai ni a bakin teku yake, can arewacin Ingila, kuma har na baro shi ban iya faɗin sunansa yadda masu garin suke faɗa ba. Yanzu a ɗakin Inna a Ƙofar Wambai ta Bauchi nake zaune ina rubuta wannan. Zan rubuta, don na gaji da jin labarina a bakin mutanen da ko Jos ba su taɓa wucewa ba. Wasu sun ce sata na yi, wasu sun ce ciki na yi. Sunana Zulai, kuma haƙori ne ya dawo da ni gida.

Aikin kula da tsofaffi aka ɗauke ni. Ejan ɗin da ya yi min takardu a Abuja ya ce a asibiti ne, ga ɗaki nawa ni kaɗai, ga motar kamfani. Da na isa sai na tarar da ɗaki ɗaya mu huɗu, katifu a ƙasa, hitar ɗumama ɗaki kuma ba ta kamawa sai an sa mata kuɗi. Asibiti kuwa babu shi. Gida-gida ake bi a bas. Ka shiga ka yi wa tsoho wanka, ka canza masa kaya, ka ba shi shayi da magani, ka fito da gudu ka tari wata bas ɗin. Mai kamfanin ɗan ƙasarmu ne, kowa Oga yake ce masa. Shi ya tsaya min a biza, kuma tun ranar farko ya fahimtar da ni abin da hakan yake nufi. Da Turanci ya ce, "Zamanki a ƙasar nan a hannuna yake. Ranar da na cire sunanki, ki fara haɗa kaya." Da murmushi ya faɗa, har da miƙo min biskit.

Sanyin bai dame ni kamar shirun ba. Unguwa guda ba ka jin sallama, ba mai tallar komai, kiran salla ma sai a waya. 'Yan ɗakinmu biyu 'yan Gana ne, ɗaya 'yar Zimbabuwe, mutanen kirki, amma kowace gajiyarta ta ishe ta. Na yi watanni ban yi Hausa da kowa ido da ido ba. Sai wata rana a shagon da ake sayar da manja da garin rogo, ina waya da Inna, na ji an ce a bayana, "Kai, ɗan Bauchi ne kai?"

Na juya na ga wata mata mai jiki da rigar nas a ƙarƙashin kwat. Anti Nkechi ke nan. A Yelwa aka haife ta, babanta yana da shagon kayan mota, sun bar garin tana budurwa. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk "kai" ne. Ta riƙe hannuna a tsakiyar shagon tana tambayata ko masar Bauchi tana nan yadda take. Na ce tana nan.

Ta ce, "Ƙarya kake. An faɗa min yanzu ƙanana suke yi kamar kwabo."

Da kanta ta sa lambarta a wayata.

Cikin gidajen da nake zuwa akwai na wani tsoho mai suna Ata, ni dai Baba nake ce masa. A jirgin kamun kifi ya yi rayuwarsa, ƙato ne, tsufa ya tafi da hankalinsa amma ya bar masa ƙarfinsa. Yau ya ɗauke ni 'yarsa, gobe ya ɗauke ni ɓarauniya. 'Yar tasa ta gaskiya, Suzan, a wani gari take, sai Asabar take zuwa. A ƙa'ida mutum biyu ke ɗaga Baba daga gado, amma ni kaɗai Oga yake turawa. In na yi magana sai ya ce ai 'yan Arewa ƙarfi gare ku.

Wata safiya na sunkuya na sa hannuwa a ƙarƙashin hammatarsa zan mayar da shi kan kujera. Ban san abin da ya gani ba. Ya zabura ya ɗago da ƙarfi, tsakiyar kansa ta same ni a baki. Na ji ƙas, kamar an taka kwalba. Muka tafi ƙasa tare, na tokare da hannun hagu don kada kansa ya bugi ƙarfen gado. Da na miƙe, rabin haƙorina na gaba yana kan kafet, jini ya cika min baki, wuyan hannuna kuma ya ƙi ɗaukar komai. Baba yana zaune a ƙasa yana kuka kamar yaro, yana cewa a yafe masa.

Na kira ofis. Oga ya zo da Baturiyar da ke zama masa a ofis, suka ɗaga Baba suka zaunar. Sai matar ta tsaya a gaban tsohon, a kan idonsa, ta tambaye ni: shi ne ya buge ki? Kin ji ciwo? Kina so a rubuta?

To ku faɗa min, ku da aka haifa inda aka haife ni. Tsoho sa'an kakana yana hawaye yana kallona, a ce in ɗaga yatsa in ce shi ne? A gidanmu ko yayanka ne ya taka ka, kai ne mai cewa ba komai. Na haɗiye jinin, na rufe bakina da gefen hijabi, na ce ba komai, zamewa na yi, da sauƙi. Na ga Oga ya sauke ajiyar zuciya. A lokacin na ɗauka tausayina yake ji.

A asibiti aka ɗauki hoton hannun, aka ce ƙashi ya tsage, aka naɗe shi da filasta, ba wanda ya tambaye ni ko sisi. Likita ya ba ni hutun jinya. Da na nuna masa haƙorin sai ya ce ba sashensu ba ne, in nemi likitan haƙori. Haka na fara zaman ɗaki ina karɓar kuɗin rashin lafiya, ɗan abin da doka ta ce a ba ma'aikacin da ya kwanta. Oga yana cire haya a ciki kafin ya iso hannuna. Abin da ya rage na burodi da shayi ne. Shayin ma sai ya huce, don in zafi ya taɓa guntun haƙorin nan har cikin idona nake ji.

Na ɗauka tunda an san ba ni da lafiya, kuma hannu kyauta aka ɗaure, haƙori ma haka zai zama. Ashe a ƙasar nan baki ba a jikin mutum yake ba. Na bi wuraren likitocin haƙori na garin ɗaya bayan ɗaya, a ƙafa, cikin yayyafi. Duk inda ka shiga da wata mata mai fara'a a bayan kanta, ta ce ba sa ɗaukar sababbin marasa lafiya na gwamnati, sai dai in zan biya da kaina. Ɗaya ce ta tsaya ta yi min bayani a hankali. Ta ce kuɗin rashin lafiya irin nawa ba ya sa a yi wa mutum haƙori kyauta, kuma kada in kuskura in ce yana sawa, tara za a ci ni. Ta ce akwai wani taimako na masu ƙaramin ƙarfi, amma sai an nema, a jira, sannan a sami likitan da zai karɓa. Na ce mata kafin nan fa? Ta ce in sha maganin rage zafi.

Na tauna kanumfari har harshena ya saluɓe. Na kurkure da ruwan gishiri. Dasashi ya kumbura, leɓen sama ya tashi, kumburin ya hau gefen hanci. Na daina kiran Inna ta bidiyo, na ce mata wayar ce ta sami matsala.

Ta ce, "Zulai, muryarki ta canza."

"Mura ce, Inna."

"Da sauƙi dai?"

"Da sauƙi."

Yaya Auwal kaɗai na faɗa wa gaskiya, shi da ya sayar da filinsa na Inkil aka biya ejan. Ina jin ƙarar kekunan a-daidaita a bayansa.

Ya ce, "Ki lallaɓa, Zulai. Kada ki ja da mutumin nan. In cirewa ta fi araha a cire, haƙori ɗaya ne. Gwaggo Asabe nawa suka rage mata, ba ga ta nan tana cin nama ba?"

Na ce, "Yaya, Gwaggo Asabe ta haura saba'in."

Ya ce, "Ki dai lallaɓa."

Sai da kumburin ya fara rufe min ido aka ba ni wurin gaggawa a wani gari. Likitan matashi ne, ina jin ɗan Indiya ne, hannunsa da taushi. Ya fasa ƙurjin ya matse mugunyar, ya rubuta min magani. Sannan ya ce hanya biyu ce. A nan, yau, a kan ɗan kuɗin gaggawa, zai iya cire haƙorin gaba ɗaya. Ko kuma a kashe jijiyar, a wanke saiwar, a ɗora masa sabon kai ya koma kamar ba abin da ya same shi. Amma wannan ba aikin gaggawa ba ne, sai a wurin da ake biya, kuma in na daɗe saiwar ma lalacewa za ta yi. Na tambayi kuɗin. Da ya faɗa sai na ji dariya ta taho min.

Na ce a cire.

Ya yi min allura, leɓena ya mutu. Mai taimaka masa ta miƙo wani ƙarfe mai kama da filayar masu gyaran babur. Ga fitila a kan fuskata. Sai na ga kaina ina sauka daga mota a Bauchi, ko aure ban yi ba, da giɓi a gaba, ina rufe baki da mayafi a duk gidan biki har in mutu, saboda wani ya karɓi kuɗin mutum biyu ya tura mutum ɗaya. Na ɗaga hannun filastar na tare hannunsa. Na ce a'a. Ya ce tsoro ne? Na ce ina jin tsoro, amma ba shi ba ne. Na sauko daga kujerar, yawu yana zuba a hijabina ban ma sani ba. Har bakin ƙofa ya biyo ni, ya rage murya ya ce in a wurin aiki abin ya faru, ba ni ya kamata in biya ba.

Daga tashar bas na kira Anti Nkechi, magana ma ba ta fita daidai. Ta zo da motarta ta kai ni gidanta, ta dama min koko ta bari ya huce. Na ba ta labari tun daga farko. Da na zo wurin tambayar da Baturiyar ta yi min sai ta ajiye cokali.

"Maimaita. Me ka ce musu?"

"Na ce ba komai."

"Ba komai. Haƙori a ƙasa, hannu ya karye, ba komai." Ta dafa ƙugu. "Kai Zulai, nan ba Bauchi ba ne. A Bauchi in ka ce ba komai, kowa ya san akwai komai, gobe za a aiko da tuwo da kuɗin magani. A nan in ka ce ba komai, su rubuta ba komai, su tafi cin abinci."

Na ce, "Anti, kuka fa tsohon yake yi."

"Wa ya ce ka kai tsoho kotu? Tsoho ba shi da laifi. Wanda ya aike ka kai kaɗai, shi ne ɓarawo."

Sai a lokacin na gane ba Baba na rufa wa asiri ba. Oga na rufa wa.

Washegari ta kai ni wani ofis da ake ba talakawa shawara kyauta. Wata dattijuwa ta taya ni neman taimakon nan na masu ƙaramin ƙarfi, ta kuma ce in sanar da kamfani cewa a bakin aiki na ji ciwo. Ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce doka ta hana a kore ni a kan haka, amma doka a hankali take tafiya, biza kuwa ba ta jira, haƙorin ma ba ya jira. Na ce na ji.

Da Oga na fara. Ya jingina da kujera yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce ni da bakina na ce zamewa na yi, kuma akwai shaida. Ya ce in tuna wanda ya kawo ni ƙasar nan. Na ce na tuna, kuma na tuna wanda ya tura ni ɗakin Baba ni kaɗai. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na fito na kama hanyar gida.

Ranar Asabar muka shirya zuwa wurin Suzan. Na yi wanka na ɗauko abayata mai kyau, na ɗauko hoda da kwalli, don ba a zuwa gidan mutane a wulaƙance. Anti ta fizge kwallin.

"Biki za ka je? Bar fuskan nan yadda yake. Kuma in ka sa mayafi a baki, ni da kai ne."

Suzan ce ta buɗe mana ƙofa. Baba yana kan kujerarsa a gaban talabijin. Ya gane ni a ranar. Ya ce ina na shiga, sabuwar yarinyar ba ta iya haɗa shayi ba. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba. Na roƙi Suzan mu shiga kicin, don a gabansa kam ba zan faɗa ba, wannan ko Anti ba ta isa ta sa ni ba.

Suzan ta ce an faɗa mata a titi na faɗi. Na sauke hannuna daga bakina, na buɗe mata shi. Ban taɓa nuna wa baƙo ciwona haka ba, ji na yi kamar na cire zane a kasuwa. Na ce babanki ne, da kansa ya buge ni, ba da gangan ba, kuma ba na jin haushinsa. Na ce ni kaɗai ce a ɗakin, kullum ni kaɗai ce. Ta ce kuɗin mutum biyu suke biya. Na ce na sani. Ta kalli kumburin ta ce, yana ciwo?

Wallahi bakina da kansa ya ɗauko "da sauƙi", har ya kawo shi leɓe. Anti ta taka min ƙafa.

Na ce yana ciwo. Na ce ba na barci, ba na iya tauna komai, ina jin tsoron Oga, ina jin tsoron gida, ina jin tsoron madubi. Da na fara sai na kasa tsayawa. Duk Turancin sakandarena sai da na ƙarar da shi a kicin ɗin nan, na ƙarasa sauran da Hausa, Anti tana fassarawa tana ƙara nata.

Fuskar Suzan ta yi ja har wuya. A nan ta kira Oga. Turancin ya yi min sauri, amma na ji an ambaci hukuma, na ji an ambaci lauya. Kafin mako ya zagayo, matar ofis ta kira ni da wata sanyayyar murya, ta ce an sama min likita, kamfani zai biya.

Na yi ta zuwa har aka gama. An kashe jijiyar, an wanke saiwar, likitar ta ce sauran kaɗan da ba abin da za a iya yi. Ta ɗauko wani ɗan allo mai jerin ƙananan haƙora tana kara su da nawa ɗaya-ɗaya, kamar mai zaɓen zaren ɗinkin hula. Ranar da aka ɗora sabon kan, ta miƙo min madubi. Na daɗe ban karɓa ba.

Da aka kwance filasta na koma aiki, sai na tarar babu sunana a jerin masu fita. Wani makon ma babu. Daga nan aka sanar da ni kamfani ba ya bukatata, an cire sunana. Na nemi wani kamfanin da zai tsaya min, duk wanda na samu sai ya nemi kuɗi irin na farko. Dattijuwar ofishin shawara ta ce ina da gaskiya, za a iya shari'a, amma ni ko hayar wata ɗaya ba ni da ita. 'Yan ɗakinmu suka daina min magana a gaban mutane, ban ga laifinsu ba, kowace da masu jiranta a gida. 'Yar Zimbabuwen ta cusa min safa da man shafawa a jaka. Ina cikin ɗaure kaya amsar taimakon gwamnati ta iso, wai an amince. Anti ta ce in taho da takardar in nuna a kasuwar Wunti ta Bauchi, ƙila a ba ni masa kyauta. Kuɗin jirgi mutanen cocinsu ne suka haɗa, mutanen da ba su taɓa ganina ba.

Yaya Auwal ne ya tare ni a tasha. Bayan gaisuwa muka kama hanyar gida. A zaure ya tsaya ya ce, "Fili guda, a kan haƙori ɗaya."

Na ce, "Yaya, filinka zan biya ka in Allah ya so, ko shekara nawa zai ɗauke ni. Amma kada ka sake ce min haƙori ɗaya. Ba a bakinka yake ba."

Tunda aka haife ni ban taɓa mayar masa da magana ba. Har yau bai shigo ɗakin nan ba.

Ba zan ce muku na warke ba. In baƙuwar lamba ta kira ni gabana faɗuwa yake yi. In yaro ya taho da gudu zai rungume ni, sai in ga na kare baki da hannu. Kuma da za a mayar da ni ɗakin Baba, yana kuka a ƙasa, ina jin har yanzu ba zan iya nuna shi ba. Amma yanzu na san wanda zan nuna.

Jiya da azahar Inna ta kira ni bakin ƙofa inda haske yake. Maƙwabciyarmu Hajiya Talatu tana zaune a tabarma, ta shigo yi min barka da dawowa, ko kuma ganin ƙwaf, Allah ne masani. Inna ta kama haɓata ta ce in buɗe. Ta daɗe tana dubawa ba ta gane wanne ne ba, sai da na nuna mata. Ta miƙo min ruwan randa a moɗa, na kurɓa, na yamutsa fuska, don na kusa da shi ma ya ji bugun kuma har yanzu ba ya son sanyi.

Ta ce, "Da sauƙi dai ko?"

Na ce, "A'a, Inna. In na sha mai sanyi har cikin kaina nake ji."

Ta dube ni kamar na yi ashar. Hajiya Talatu ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah. 'Yan Ingila, ko amsa sannu ba su iya ba."

Inna ta miƙo hannu. Ta karɓi moɗar ta watsa ruwan a gindin zogale, ta dafa bango ta miƙe, ta ɗora buta a kan gawayi. Tana fifita wutar, ba ta waiwayo ba, ta ce, "Ni ma gwiwar nan tun kafin azumi take hana ni barci."